Danƙon da ya saki: tarihin kansar tumbi mai yaɗo

Yawancinmu idan aka ce kansa, ko ciwon daji, abin da ke zuwa mana a rai shi ne ƙari, wani dunƙule da ke tsirowa har likita ya taɓa shi da hannu ko ya gan shi a hoto, ya ce ga shi nan. To akwai wata irin kansar tumbi da ba ta bin wannan hanya. Ba ta dunƙulewa. Ƙwayoyinta warwatsuwa suke yi, ɗaiɗai ko bibbiyu, su nutse cikin bangon tumbin kamar yadda ruwan damina ke tsuma katangar ƙasa: fuskar katangar lafiya lau, cikinta kuwa ya gama jiƙewa. Likita zai zura na'urar leƙen ciki ta maƙogwaro, ya duba sama da ƙasa, ya ce bai ga komai ba. Ranar da ciwon zai fito fili, sau da yawa aikin gama ya riga ya gama.

Likitocin Turai sun daɗe da sanin ƙarshen wannan ciwo, domin sukan gan shi a jikin mamata. Lafiyayyen tumbi jaka ce mai laushi, tana buɗewa idan an ci, tana tsukewa idan an narkar. Na waɗannan marasa lafiya kuwa sai a tarar ya yi kauri, ya ƙandare, ya ƙanƙance. A tsakiyar ƙarni na 19 wani likitan Landan, William Brinton, ya bayyana shi dalla-dalla, kuma har yau ana kamanta irin wannan tumbi da gorar fata. Bahaushe da ya gani, tandu zai ce. Brinton bai ma tabbatar kansa ce ba, sai daga baya aka gane hakan.

A 1965 ne wani masanin cututtuka ɗan ƙasar Finland, Pekka Laurén, ya zauna da samfurori 1,344 na kansar tumbi, ya bi su ɗaya bayan ɗaya a madubin ƙara girma, ya kasa su gida biyu. Kashi 53 cikin ɗari ƙwayoyinsu na manne da juna, suna jeruwa kamar na bangon hanji, suna yin ƙari ko gyambo. Kashi 33 kuwa ƙwayoyinsu a sake suke, kowace ta kama gabanta. Sauran sun ƙi shiga ko'ina. Nau'i na farko ya fi kama tsofaffi, maza musamman. Na biyu, mai yaɗo, ba ya duba shekaru, kuma ya fi kisa. Da yawan ƙwayoyinsa cike suke da majina har cibiyar ƙwayar ta matsu gefe guda, sai ta yi kama da zoben hatimi. Laurén ya ga bambancin da idonsa, amma bai san abin da ya kawo shi ba. Amsar tana hannun wasu mutane daban, waɗanda ko kusa ba tumbi suke nazari ba.

Tambayarsu ita ce irin wadda yaro kan yi, babba ya rasa amsa: jikin mutum tarin ƙwayoyi ne marasa adadi, to me ya hana shi zubewa kamar tsabar gero? Me ya riƙe tubalan?

Tun a 1900 wani Bajamushe, Curt Herbst, ya lura cewa idan aka sa ɗan tayin bushiyar teku a ruwan da aka cire wa sinadarin kalsiyam, ƙwayoyinsa sai su rabu. A 1907 Henry Wilson na Jami'ar North Carolina ta Amurka ya ɗauki soson teku mai rai, ya matse shi ta cikin ƙyallen siliki har ya zama kamar kunu. Da ya bar shi cikin ruwan teku, ƙwayoyin suka riƙa rarrafe suna neman juna, suka sake haɗuwa, suka zama sabbin sosuna ƙanana. Da ya gauraya na jinsi biyu, ba su yarda sun zama jiki guda ba. Ashe ƙwaya tana manne wa ƴar'uwarta, kuma tana gane ta.

Wanda ya fara haɗa wannan da kansa shi ne Dale Coman na Jami'ar Pennsylvania, a 1944. Aikinsa na haƙuri ne ƙwarai. Da siraran alluran gilashi yake kama ƙwayoyi biyu da ke manne, ya ja su har su rabu, yana auna ƙarfin da aka sha ta yadda allurar ta lanƙwasa. Ƙwayoyin kansa na leɓe da na bakin mahaifa sun fi lafiyayyu saurin rabuwa nesa ba kusa ba. Coman ya ce daga nan yaɗuwar kansa ke farawa. Ya faɗi daidai, sai dai ba shi da sunan danƙon da ya saki, kuma an shafe shekaru talatin ba wanda yake da shi.

Labarin yadda aka samo shi ya fi min kowane daɗi a wannan tarihi, domin da ɓacin rai ya fara. Masatoshi Takeichi, wanda aka haifa a Nagoya ta Japan a 1943, yana aiki a Jami'ar Kyoto. A can ya saba da wani gwaji mai sauƙi: a zuba wa ƙwayoyi sinadarin tirifsin ya rarraba su, a wanke, a bar su, su sake dunƙulewa. A 1974 ya tafi Cibiyar Carnegie da ke Baltimore a Amurka, ya maimaita abin da ya yi sau ba adadi a gida, ƙwayoyin suka ƙi haɗuwa. Wani da sai ya ce kayan aikin mutanen nan ba su da kyau, ya canza kwalba, ya wuce. Takeichi ya ce ruwa ba ya tsami banza. Da ya bi diddigi sai ya tarar tirifsin ɗin Baltimore an haɗa shi da wani sinadari mai suna EDTA, wanda aikinsa tsotse kalsiyam. Na Kyoto babu shi.

Daga wannan ɗan bambanci ya gano cewa a fatar ƙwaya akwai wani furotin da kalsiyam ke tsare wa mutunci. Muddin kalsiyam na nan, furotin ɗin a miƙe yake, tirifsin ba ya iya cin sa, kuma yana kama ɗan'uwansa na ƙwayar da ke kusa. Da an janye kalsiyam sai ya langaɓe, a cinye shi. Ya buga wannan a 1977. A 1984 shi da ɗalibansa suka raɗa masa suna kadherin, daga kalmomin Ingilishi biyu masu nufin kalsiyam da mannewa. Ba su kaɗai ne a fagen ba. A Faris, ɗakin binciken François Jacob ya same shi a ɗan tayin ɓera, ya ba shi wani suna. A New York mutanen Gerald Edelman sun same shi a hantar ɗan tsako, su ma da nasu sunan. Daga baya aka ga duk abu ɗaya ake wa kirari, sunan Kyoto ne ya zauna.

Kadherin dangi ne babba. Wanda ya shafe mu shi ne E-kadherin, na ƙwayoyin da ke shimfiɗe a fata da bangon tumbi da hanji da bututun nono. Hujjar da ta rufe bakin masu shakka ta zo a 1987, lokacin da Akira Nagafuchi da Takeichi suka ɗauki wasu ƙwayoyin ɓera da ba su san mannewa ba, suka dasa musu ƙwayar gadon E-kadherin, sai ga su sun rungumi juna. Shekara biyu bayan haka Rolf Kemler a Jamus ya nuna cewa furotin ɗin ba shi kaɗai yake aiki ba. Wutsiyarsa da ke cikin ƙwaya tana ɗaure da wasu furotin, katenin, su kuma suna ɗaure da ƙashin bayan ƙwayar. Ke nan abin ya wuce a shafa gam tsakanin tubali da tubali. Ya fi kama da turke da igiya, kuma ta wannan igiya ƙwaya ke sanin ina sama, ina ƙasa, wace ce maƙwabciyarta, yaushe ya kamata ta daina hayayyafa.

Yanzu sai aka koma kan maganar Coman da kayan aiki a hannu. Tsakanin 1989 da 1991 ɗakin binciken Walter Birchmeier a Jamus da na Marc Mareel da Frans van Roy a Ghent ta Beljiyam suka nuna abu guda ta fuska biyu: a toshe E-kadherin, ƙwayoyi masu ladabi su fara kutsawa cikin naman da ba nasu ba, a mayar wa ƙwayoyin kansa da shi, su natsu. A Tokyo, inda kansar tumbi ta daɗe tana cikin manyan masu kisa, Setsuo Hirohashi na Cibiyar Kansa ta Ƙasa ya riƙa rina yankakken naman tumbi da wani rini mai kama E-kadherin. A lafiyayyen tumbi rinin kan zagaye kowace ƙwaya kamar ragar saƙar zuma. A kansa mai yaɗo sau da yawa ragar ta yayyage, ko ta dushe, ko babu ita sam. A 1994 Karl-Friedrich Becker da Heinz Höfler a Munich suka duba ƙwayar gadon kanta, wadda ake kira CDH1, suka tarar ta lalace a kusan rabin kansar tumbi mai yaɗo da suka gwada, amma ba a ɗaya nau'in ba. Abin da Laurén ya gani shekaru ashirin da tara baya ya sami dalili.

Amma fa saura wata tambaya, kuma ita ce babba. Sakin danƙon ne ya jawo kansar, ko kuwa kansar ce da ta yi nisa ta lalata danƙon, kamar yadda take lalata abubuwa da dama a hanyarta? Galibin masana a lokacin sun ɗauka na biyun ne, wato abu ne na ƙarshen tafiya. Waɗanda suka warware wannan ba a Tokyo ko Munich suke ba.

A gaɓar Tauranga, a tsibirin arewa na New Zealand, akwai wani babban dangi na Maori, ƴan asalin ƙasar. Tun 1964 wani likita ya rubuta a mujallar likitocin ƙasar cewa kansar tumbi tana bin wannan gida, aka karanta, aka ajiye. Mutuwa kuwa ba ta ajiye ba. Cikin shekaru talatin ta ɗauki mutum 25, yawancinsu ba su kai arba'in ba, ƙaraminsu ɗan shekara 14. A cikin dangin akwai masu ganin la'ana ce, saboda an bari an fasa wani tsauni mai alfarma a wurinsu ana ɗibar dutse. Ba na ganin wautarsu. Duk gidan da ya binne mutum ashirin da biyar da ciwo iri ɗaya, likita bai ce masa uffan ba, dole ya nemo wa kansa bayani.

A tsakiyar shekarun 1990 wata ma'aikaciyar jinya ƴar dangin, Maybelle McLeod, ta ce a gwada wata hanya. Ta tuntuɓi ɗakin binciken gadon kansa na Jami'ar Otago da ke Dunedin, can kudancin ƙasar, ƙarƙashin Anthony Reeve, aka damƙa aikin ga wani matashin masani, Parry Guilford. Abin lura a nan shi ne yadda aka ƙulla yarjejeniyar. Maori suna da dalilin ɗari-ɗari da masu bincike, musamman a kan jini da sassan jiki, waɗanda suke ɗauka da tsarki. Dangin suka shiga a matsayin abokan aiki. Su suka bi gida gida suna lallashin ƴan'uwa, su suka ɗebi jini, su suka tono takardun asibiti na mamata. Sama da komai, su suka kawo salsala. Maori na kiran ta whakapapa, kuma suna riƙe ta da ka, kaka da kakanni, wane ya haifi wane. Mai neman ƙwayar gado ba shi da makamin da ya kai wannan, domin da ita ake bin sawun ciwo daga tsatso zuwa tsatso a ga wane yanki na gado ne ke tafiya tare da shi.

Guilford ya san aikin Munich, don haka CDH1 na cikin waɗanda yake zargi. Sawun ya kai su kuromosom na 16, daidai inda take zaune. Da suka karanta ta, sai ga kuskure a harafi ɗaya tak, G ya koma T, a daidai gaɓar da ake yanka saƙon a haɗa. Harafi guda ya isa ya sa furotin ɗin ya fito a gurgunce. Aka duba wasu dangogin Maori biyu masu irin wannan tarihi, kowanne da nasa kuskuren a cikin ƙwayar gadon nan. Mujallar Nature ta buga sakamakon a watan Maris na 1998, kuma a jerin marubutan akwai sunayen matan dangin tare da na malaman jami'a. A ganina wannan jeri na cikin abin da ya kamata a riƙa koya wa ɗaliban likitanci.

Wannan ya yanke gardamar. Mutanen nan da gurguwar ƙwayar gadon aka haife su, tun kafin a yi maganar wani ciwo, saboda haka sakin danƙo na iya zama mafarin kansa. Kowa na da CDH1 biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Mai gadon ciwon yana rayuwa da guda ɗaya mai kyau, kuma kowane ɗansa na da rabin yiwuwar ɗaukar gurguwar. Ranar da mai kyau ɗin ta mutu a wata ƙwaya ta bangon tumbi, shi ke nan. A 2000 aka nuna cewa sau da yawa ba ma lalacewa take yi ba, kulle ta ake yi da wasu ƙananan sinadarai da ke manne wa bakinta, ta yi shiru. Ba da jimawa ba aka sami irin waɗannan dangogi a Turai da Amurka da Asiya. Aka kuma gane cewa matan gidajen na fuskantar wata kansar nono wadda ita ma ƙwayoyinta ke tafiya a sahu ɗaiɗai, kuma a wasu gidajen akan haifi yara da tsagaggen leɓe. Duk aikin danƙo ɗaya ne.

To an san dalili, sai me? Nan ne labarin ya yi nauyi. Babu maganin da ke mayar da danƙon, kuma na'urar leƙen ciki ba abin dogaro ba ce. Abin da ya rage shi ne a cire tumbin gaba ɗaya tun mutum yana lafiya, a haɗa maƙoshi da ƙaramin hanji kai tsaye. A 2001 David Huntsman na Vancouver ta Kanada da abokan aikinsa suka ba da rahoton mutum biyar masu ɗauke da gadon, ba mai ciwon komai, da aka cire musu tumbi. Da aka yayyanka tumbunan aka duba, duka biyar akwai ƙananan gidajen ƙwayoyi masu zoben hatimi a ɓoye. A New Zealand an ƙirga sama da ɗari uku a tumbi guda. Shawarar masana ta zama a yi aikin tsakanin shekara ashirin da talatin.

Ana rayuwa ba tumbi, amma rayuwa ce mai sharuɗɗa. Cin abinci kaɗan kaɗan sau da yawa a yini, rama mai yawa a watannin farko, jiri da zawo idan an yi gaggawa ko an sha zaƙi, da ƙarin bitamin B12 har ƙarshen rai. Mawaƙin nan na Maori, Stan Walker, wanda ya ci gasar Australian Idol a 2009, an cire masa nasa a 2017, ya kuma yarda aka ɗauki fim ɗin jinyar aka nuna wa duniya, abin da ya sa mutane da dama suka je gwaji.

Lissafin haɗarin kuma bai tsaya wuri ɗaya ba, kuma wannan ya cancanci a faɗe shi ba rufa-rufa. A 2015 an kiyasta cewa kashi 70 na maza da kashi 56 na mata masu gadon za su kamu kafin shekara 80. Amma daga gidajen da ciwon ya fi yi wa ɓarna aka ɗauko alƙaluman. Da gwajin gado ya yi araha, aka riƙa samun masu gurguwar CDH1 da ba a taɓa kansar tumbi a gidansu ba. Wani babban nazari na Amurka a 2024 ya sa haɗarin kansa mai nisa a wajen kashi 7 zuwa 10 ga jimillar masu gadon, ya fi haka a gidajen da ciwon ya riga ya yi kisa. Ashe da yawan ƙananan gidajen nan kwanciya suke yi shekara da shekaru ba su motsa ba. Abin da ke tayar da ɗaya daga barci shi ne abin da ake nema yanzu, domin wanda ya san shi zai iya ce wa wannan a cire, wancan a dakata.

Kada mai karatu ya ɗauka kansar tumbi duk gado ce. Na gado bai wuce kashi ɗaya zuwa uku cikin ɗari ba, a ciwon da ya kama mutum kusan 970,000 a 2022, ya kashe kusan 660,000. Babban mai laifi ƙwayar cutar nan ce, Helicobacter pylori, wadda Barry Marshall da Robin Warren na Ostareliya suka bankaɗo a farkon shekarun 1980, har ta kai su ga kyautar Nobel a 2005. Abin sha'awa, ita ma danƙon take hari: tana fitar da wani sinadari mai datse E-kadherin don ta sami ratsawa tsakanin ƙwayoyi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ita kuwa da kanta take tsaga bangon. Wannan ƙwayar cuta ba baƙuwa ba ce a wajenmu. Wani likitan tiyata da ya yi aiki a Maiduguri, Chris Holcombe, ya samu alamarta a jinin fiye da kashi 80 na mutanen da aka gwada a yankin, alhali kansar tumbi da ake gani a asibiti ba ta kai yadda za a zata ba. A 1992 ya kira wannan abin ɗaure kai na Afirka, kuma har yau ana muhawara ko kariya ce muke da ita, ko kuwa masu ciwon ne ba sa isa inda za a ƙirga su.

Babin da ya fi kusa da mu a lokaci ya zo ta wata ƙofa daban. Ban da kadherin akwai wani dangin furotin mai ɗinke ƙwayoyi, kalodin, wanda Shoichiro Tsukita da Mikio Furuse suka gano a Kyoto a 1998, shekarar da aka buga labarin Tauranga. Ɗaya daga cikinsu, kalodin 18.2, kusan a bangon tumbi kaɗai ake samun sa, a binne cikin ɗinkin da ke tsakanin ƙwayoyi inda ba abin da ke isa gare shi. Idan ƙwayoyi suka rarrabu, ɗinkin ya ɓarke, sai ya fito sarari. Uğur Şahin da Özlem Türeci, ma'auratan nan na Jamus da duniya ta sani daga baya ta dalilin rigakafin korona, sun shafe shekaru suna ƙera maganin da zai kama shi, ya nuna wa garkuwar jiki inda za ta sara. Japan ta amince da maganin, zolbetuximab, a watan Maris na 2024, Amurka ta bi a watan Oktoba. Ba warkarwa yake yi ba. A babban gwajinsa, masu kansa mai nisa da aka haɗa musu shi da maganin da aka saba sun yi matsakaicin watanni 18 a raye, waɗanda ba a haɗa musu ba sun yi wajen 15 da rabi.

A Tauranga kuwa asibitin da dangin suka kafa, Kimihauora, yana nan yana bin ƴaƴa da jikoki da gwaji. Ka'idar da masana na duniya suka fitar a 2020 ta ce duk ɗan Maori da aka samu da kansar tumbi mai yaɗo, ko shekarunsa nawa, a yi masa gwajin CDH1. Kyautar kimiyya ta Firayim Ministan New Zealand ta 2023 ta tafi ga ƙungiyar da ta yi wannan aiki, malaman Otago da mutanen dangin tare.